Nawa za mu ce wa mai gidan abinci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne shugaban wata ƙungiyar 'yan koroso a Mararaba. Mu goma sha biyu ne, masu rawa takwas, makaɗa da mai sarewa huɗu. Wani gidan abinci a Wuse II cikin Abuja yana so mu riƙa yi masa wasa duk daren Juma'a da Asabar. Manajan ya ce naira 60,000 kowane dare, a tara a biya ƙarshen wata, liƙi namu ne, kuma wai manyan mutane za su gan mu su riƙa kiranmu biki. Mu wasan biki muka saba. Mu karɓa? In ba haka ba nawa za mu ce, kuma waɗanne sharuɗɗa za mu gindaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, shugaba. A yadda aka yi tayin nan, ka ce albarka. Amma albarka irin ta kasuwa, wadda ake faɗa da murmushi don mai saye ya ƙara, domin aikin mako-mako alheri ne ga ƙungiya. Yana riƙe yara wuri guda, jiki ba ya mutuwa, kuma kowa ya san ranar da wani abu zai shiga aljihunsa. Matsalar tayin ita ce an gina shi a kan lissafin biki, alhali wurin da za ku je ba a yin liƙi irin na biki.

A biki kuɗin kira somin-taɓi ne, ainihin samu yana cikin fili. Uwar amarya ta canzo sababbin kuɗi tun ana saura kwana biyu, ƙawaye suna gasa da dangin ango, maroƙi ya san sunan kowa da sunan kakansa, yana kira hannu na shiga jaka. Shi ya sa ƙungiya kan yarda da ƙaramin kuɗin kira ba ta damu ba. Wanda ya zo cin abinci a Wuse II kuwa hannunsa na cikin gasasshen kifi, ba ku san sunansa ba, shi ma bai so a sani ba, kuma abin da ke aljihunsa kati ne da waya. Zai ɗaga wayar ya ɗauke ku minti ɗaya, ya tafa, ya koma kan farantinsa. Ga kuma doka. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira da taka ta a wurin shagali, hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. An daɗe ba a kula ta ba, amma a 2024 hukumar EFCC ta kai fitattun mutane kotu a kanta, har aka ɗaure. Tun daga nan babban mutum a Abuja, ga wayoyi a sama ta ko'ina, sai ya yi tunani kafin ya miƙe ya yi ɓarin kuɗi. Saboda haka ka cire liƙi daga lissafi gaba ɗaya. In ya zo, alhamdu lillahi. Kuɗin da gidan zai biya shi kaɗai ya kamata ya ɗauki nauyin daren.

To mu ɗora 60,000 ɗin a kan sikeli. Zan sa adadi na misali, kai ka musanya da na gaskiya, don ka fi ni sanin farashin unguwarku. Mutum goma sha biyu da ganguna da jakunkunan kaya sai shatar bas, zuwa da dawowa, kuma dawowar tsakar dare ce, direba zai zauna jiranku. A ce 30,000. Saura 30,000, a raba goma sha biyu, kowa ya tashi da 2,500, ba a cire na wanki ba, ba a cire na fatar ganga ba. Wasan ƙarfe takwas kuma, wanda ya san cunkoson hanyar Nyanya ya san tun la'asar za ku taru, ba za ku ga gida ba sai sha biyu ta gota. Wajen awa takwas ke nan. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne a wata. In ka raba shi kwanakin aiki 22, ya haura 3,100 a rana. Dokar ba ta hau kan irin aikinku ba, amma ma'auni ce mai kyau: yaron da ya shekara biyar yana koyon tsalle da juyi zai koma gida da abin da bai kai na mai sharar ofis ba.

Farashi daga ƙasa ake gina shi. Ka fara da abin da ya kamata kowane mutum ya riƙe a hannunsa bayan an cire komai. A ce mai rawa 7,000, su takwas 56,000. Makaɗa da mai sarewa a ce 9,000, su huɗu 36,000. Sukan ɗara masu rawa don kayan kiɗan nasu ne, kuma mai sarewa na ƙwarai ya fi mai rawa wuyar samu. Mota 30,000. Wanki da guga da gyaran kacau-kacau da ya tsinke 8,000. An tashi 130,000. Ka ɗora ɗaya bisa goma na asusun ƙungiya, wanda daga ciki ake ɗinka sabon anko, ake kai wanda ya gurɗe asibiti. Ya zama 143,000. Wannan adadin naka ne kai kaɗai, ba na kunnen manaja ba ne. Shi ne inda in an sauko ƙasa da shi kun yi aikin banza. Abin da za ka faɗa masa ya ɗara haka, kamar 180,000, don a sami wurin sauka.

Na san abin da zai biyo baya. Zai riƙe baki ya ce ko mai kiɗan faifai ba ya karɓar haka. Wataƙila ma gaskiyarsa, gidan ba zai iya ba. A nan ne shugabanni da yawa ke zamewa: sai su fara zaftare kuɗi, mutanen kuma suna nan goma sha biyu. Kai ka zaftare mutane da lokaci, ka bar kason kowa yadda yake. Ka ce masa, "Ranka ya daɗe, kaya iri biyu gare mu. Akwai cikakkiyar ƙungiya, akwai kuma ta mutum shida." Masu rawa huɗu 28,000, makaɗi da mai sarewa 18,000, ƙaramar mota a ce 18,000, wanki 4,000, da na asusu, ka tashi wajen 75,000. Ka ga yanzu tsakaninku da 60,000 ɗinsa ba nisa, ciniki zai iya faɗawa a 85,000 ko 90,000. Sai ku raba kanku gida biyu, waɗannan Juma'a, waɗancan Asabar. Kuma in zan faɗi ra'ayina, mutum shida sun fi dacewa da gidan abinci. Koroso, tun da ƙungiyar al'adu ta jihar Kano ta fito da shi a shekarun 1970, wasan fili ne da babban dandamali. Masu rawa takwas tsakanin tebura goma sha biyar cunkoso ne kawai, ga ganguna da sarewa a rufaffen ɗaki suna hana mutum jin abin da matarsa ke ce masa. Baƙo in ya kasa hira ba zai dawo ba, in bai dawo ba ku za a fara sallama.

Wannan ya kawo ni kan abin da mai gidan yake saye. Shi ba al'ada ya zo rayawa ba, ko da ya ce haka. Kujeru yake so su cika, wanda ya zauna kuma ya daɗe ya ƙara odar nama da lemo. In ka fahimci haka, sai ka yi masa magana da lissafinsa. Kafin ranar ciniki ka je wurin a daren Juma'a kamar kowane baƙo, ka sayi ko ruwa ne, ka ƙirga kujeru, ka duba takardar farashi, ka ga ƙarfe nawa wurin ke cika, ƙarfe nawa yake watsewa. In kujera 80 ce, 90,000 bai kai 1,200 a kan kowace kujera ba, a wurin da farantin shinkafa ya ninka haka sau da yawa. Ka faɗa masa wannan a natse. Sannan ka ba shi gwaji: mako huɗu a kan farashinku, ya duba cinikinsa na daren da kuka yi wasa, ya gwada da na da. In ya ga ƙari a ci gaba, in bai gani ba a rabu lafiya. Gwaji a cikakken farashi nake nufi. Wasan kyauta don "a gani" ba ya cikin tsari. Mai son gani ka tura masa bidiyo, ko ya zo inda kuke gwajin wasa.

Wani manajan zai juyo ta wata hanya ya ce a yi kaso, ku ɗauki wani abu daga cinikin dare. Kada ka yarda da kason da ba ka ganin littafinsa. Ba kai ke riƙe da na'urar POS ba, ba ka san nawa aka sayar ba, duk abin da aka ce maka shi ke nan. Kason da ake iya karɓa shi ne na tikitin ƙofa, in za a sa kuɗin shiga: tikiti mai lamba, mutuminka a tsaye kusa da mai yanka, kuma duk da haka da wani tsayayyen kuɗi a ƙasa wanda za a biya ko mutum uku ne suka shigo.

Maganar manya za su gan ku kuwa, ba ƙarya ba ce ɗungurungum. Akan samu kiran biki daga irin waɗannan wurare. Amma wannan ribar ƙafa ce, direba ba ya karɓar ta a madadin kuɗin mai. Abin da za ka yi shi ne ka mai da ita sharaɗi: a ambaci sunan ƙungiya a lasifika kafin wasa da bayansa, a sa sunanku a duk tallan da gidan zai yi a Instagram ko Facebook, a bar ku ku ajiye kati mai lambar waya a kan tebura. Kuma duk baƙon da ya nemi ku, a haɗa shi da kai kai-tsaye. In ba ka faɗi wannan ba, za ka wayi gari manaja ya zama dillalinku ba da saninka ba, ya karɓi 400,000 a hannun mai biki ya miƙo maka 150,000. In yana son la'ada a kan aikin da ya kawo, halal ne, a yanka masa ita a fili, ɗaya bisa goma ita ce aka fi sabawa.

Yanzu babban ramin da ke cikin tayin, wato biyan ƙarshen wata. Dare biyu a mako dare takwas ne a wata, wani watan tara. A farashinsa ma, 480,000 ke nan za ka ba gidan abinci bashi, kana biyan mota daga aljihunka sau takwas, yara suna binka da ido. Gidajen abinci kuma a Abuja buɗewa suke suna rufewa, manajoji suna sauyawa. Na ga yadda ake yi. An gama wasa, yara sun tuɓe kacau-kacau suna zaune bakin mota gumi na bushewa, shugaba yana tsaye ƙofar ofis da hula a hannu. Mai karɓar kuɗi ta ce manaja ya ɗan fita. Manaja a waya ya ce oga ne ke sa hannu, oga kuma ya yi tafiya, a dawo Litinin. Ran Litinin ka kashe kuɗin mota ka zo, a ce cinikin makon bai yi kyau ba, ga rabi. Da zarar an kai nan ƙarfinka ya ƙare, don abin da kake sayarwa an riga an cinye shi. Mai kawo musu kaji in ba a biya ba gobe ba zai kawo ba, ko ya kwashe kayansa. Rawar da aka taka ba ta kwasuwa.

Don haka ƙarfinka yana kafin a buga ganga. Tsarin da nake ba kowa shawara: rabin kuɗi kafin alƙalami, ya shigo aƙalla kwana biyu kafin wasa, da shi za ka kama mota. Cikon kuma a daren, kafin fita ta ƙarshe. Ba bayan an tashi ba. In fita biyu za ku yi, a hutun tsakiya ma'ajinku ya je ofis. In taransifa ce, kada ka yarda da hoton rasit a wayar wani ko saƙon da ya shigo kamar na banki. Ka buɗe asusunka ka ga kuɗin sun zauna. In an yi wata biyu ana cika alkawari, kana iya sassautawa zuwa biyan mako-mako, kowace Asabar a biya na dare biyu. Wata guda dai a'a, sai fa babban otal mai sashen kuɗi wanda tsarinsa ke nan, shi ma da takarda mai hatimi, kuma ka ɗora wani abu a farashi saboda jiran. Irin waɗannan manyan wurare sukan cire harajin da doka ta ce su riƙe daga kuɗin 'yan kwangila, don haka tun a wurin ciniki ka tambaya: adadin nan shi ne zai shigo hannu, ko za a taɓa shi? Sukan kuma ƙi tura kuɗi asusun mutum ɗaya. Yin rajistar sunan ƙungiya a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da buɗe asusun banki da sunan yana buɗe muku irin wannan aiki, yana kuma raba ka da zargin yara. Kafin alƙalami fa nauyi ne a kanka kai ma. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: in ka karɓa, ko biki mai tsoka ya faɗo a daren, sai ka cika, ko ka tura rabin ƙungiyar da aka yi alkawari.

Duk wannan a rubuce. Mutanenmu suna jin nauyin cewa a rubuta, kamar an ce ba a yarda da mutum ba. Ka tuna masa, cikin raha, cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ba sai an je wurin lauya ba. Shafi ɗaya ya isa, kowa ya sa hannu, da shaida ɗaya ɗaya. In abin ya gagara, bayan kun gama magana ka tura saƙon WhatsApp mai ɗauke da duk abin da aka yi, ka ce ya amsa da "na amince". Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar irin wannan in an cika sharuɗɗansa. Ka kuma binciki wanda ke sa hannun. Manaja ma'aikaci ne, gobe ana iya sallamarsa, sabon ya ce bai san zance ba. A rubuta sunan gidan abincin a matsayin mai ɗaukar aiki, kuma ka yi ƙoƙari ko sau ɗaya ka gaisa da mai wurin ido da ido.

Abin da takardar za ta ƙunsa bayan kuɗi, na farko lokaci. Kada a rubuta "wasan dare". A rubuta fita biyu, kowace minti 15 zuwa 20, ta farko ƙarfe kaza, ta biyu ƙarfe kaza, tashi ƙarfe kaza. Koroso ba rawar da ake awa guda ana yi ba ce, wanda ya ɗauki mutum a kafaɗa ya yi juyi da shi ya san haka. In ba a ƙayyade ba, za a zaunar da ku har sha ɗaya ana jiran wani babban baƙo, ya zo kuma a ce a maimaita masa daga farko. Fita ta uku da kuɗinta, jira bayan lokacin tashi da kuɗinsa, ko da kaɗan ne, don a san lokacinku ba na banza ba ne.

Sai filin wasa, kuma a nan zan daɗe kaɗan don shi ne ake mantawa har sai an ji ciwo. Ka je da babban mai rawarku da rana ku taka wurin da ƙafa. Yawancin gidajen nan tayil ne mai sheƙi, masu kai abinci suna ratsawa da miya da lemo, ɗigo ɗaya na mai ya isa ya kai yaro ƙasa a tsakiyar juyi. Ku ɗaga kai ku dubi fanka da fitilun da ke reto: mai hawa kafaɗa zai kai can? Ku auna tazarar teburin farko, kada ƙafa ta sami farantin wani. In tayil ne, a shimfiɗa kafet mai kauri wanda ba ya zamewa ko a kafa dandamalin katako, kuma gidan ne zai tanada. A goge wurin kafin kowace fita, a tsayar da kai abinci ta cikin fili har ku gama. In sun ƙi, ku cire tsalle-tsallen sama daga wasan, ku faɗa musu dalili. A rubuta kuma cewa raunin da ya faru saboda santsin wuri ko wayar lantarki, gidan zai ɗauki kuɗin magani. Ba lallai su yarda da duka ba, amma ko rabi aka rubuta ya fi a tsaya ana musu yaro na kwance.

Ɗakin sauya kaya mai ƙofa, ba bayan gida ba, ba bayan janareta ba; in da mata a cikinku, nasu daban. Ruwan sha da abincin dare ga kowa, a faɗi irinsa, kuma kada a cire shi daga kuɗinku. Abin dariya ne a yi wasa a gidan abinci a koma gida da yunwa, amma yana faruwa sosai. Makirufo na mai sarewa da lasifika nasu ne.

Sokewa. Yawancin wuraren shaƙatawa na Abuja a waje suke, damina kuma tana kaiwa Oktoba. In hadari ya taso bayan kun iso, ko wuta ta ɗauke janareta ya ƙi tashi, ko baƙi ba su zo ba, wannan ba laifinku ba ne, kuɗinku cikakke. In sun soke tun ana saura kwana biyu, a ɗaga kafin alƙalamin zuwa wani dare. In a ranar suka soke, kafin alƙalami ya zama naku. Ku ma in kuka fasa, ku mayar da abin da kuka karɓa ba tare da ja-in-ja ba. Watan azumi a faɗe shi tun yanzu, dakatawa za a yi ko ragewa, kada ya zo a ce kun karya alkawari. Ranakun Sallah, Kirsimeti, daren sabuwar shekara da 1 ga Oktoba ba sa cikin farashin mako-mako, don ranakun ne kowa ke nemanku. Ninki ɗaya da rabi ko biyu. Haka in wani ya kama gidan gaba ɗaya don dinar biki ko taron kamfani a darenku. Wannan biki ne, an caji mai shi kuɗin nishaɗi, farashin biki za a ba ku.

Ɗan liƙin da za a samu shi ma a tsara shi. Ku ajiye ƙwarya ko faifai a gaban makaɗa, da ƙaramin allo mai lambar asusun ƙungiya don masu taransifa. Kada ya bi ta POS ɗin gidan da sunan za a ba ku daga baya. Mutum ɗaya naku ne zai kwashe, a ƙirga gaban mutum biyu. In ka ɗan ba masu kai abinci na goro daga ciki ba ka yi asara ba, su ne za su riƙa goge muku fili. Kuma a gaya wa gidan ƙarara: baƙo ba ya taɓa mai rawa, ba ya manna kuɗi a jikin mace, ba a kiran 'yar ƙungiya ta zo tebur ta zauna. In wurin ana sayar da giya, ka sanar da mutanenka tun kafin ka karɓi aiki, kowa ya zaɓa da saninsa, kuma kada ka kai yara ƙanana, ko da su ne suka fi iya tsalle. Ga waɗanda ke Kano da makamantanta akwai ƙarin tambaya: Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i tana sa ido kan wasanni da wuraren taro, ga Hisbah, musamman in rawar ta haɗa maza da mata. A san izinin wa ake buƙata, a rubuta cewa na wuri gidan ne zai nema.

Bidiyo. Baƙo ya ɗauka da wayarsa ba ka da yadda za ka yi, talla ce ma. Amma gidan ya kawo mai kyamara ya shirya tallan da zai shekara yana yawo, wannan wani ciniki ne. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta ba mai wasa iko a kan ɗaukar wasansa da yaɗa shi, rawa kuma tana ciki. Sai dai in ka ga an kafa kyamara ka yi shiru, da wuya ka zo daga baya ka yi magana. A rubuta: gajeren bidiyo a shafukan gidan an yarda, da sunan ƙungiya a jiki, muddin kuna aiki tare, tallan talabijin ko allon titi sai an sake zama, kuma a ba ku kwafi. In ya ce kada ku yi wasa a wani gidan abinci, ka tambaye shi wane yanki, har tsawon yaushe, kuma nawa zai ƙara. Hana ku Wuse II a daren Juma'a da Asabar magana ce. Hana ku Abuja gaba ɗaya a kan dare biyu ba magana ba ce.

Ranar zaman, kada ka je kai kaɗai, ka tafi da ma'aji ko dattijon makaɗanku. Mutum biyu ba a cika yi musu dabara ba, kuma in kun dawo babu mai cewa shugaba ya ɓoye wani abu. Ƙungiyoyi da yawa ba mai gidan abinci ne ya kashe su ba, raɗe-raɗin "nawa aka bayar" ne. Ka karanta wa kowa takardar. In manaja ya ce akwai wata ƙungiya da za ta yi a 40,000, kada ka zage su, kada ka ruɗe. Ka ce Allah ya ba su sa'a, ga lambata. Sau da yawa babu wata ƙungiyar, in ma akwai, mako uku za su yi su gane lissafin motar da muka yi a sama. In kun san juna da shugabanninsu ma, ku yi waya ku daidaita ƙasan farashi.

Kada ka ƙulla farashi na shekara. Lokacin da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Duk wanda ya sa hannu a dogon alkawari kafin nan, kuɗin mota ya cinye kason yaransa. A rubuta cewa za a sake duba farashi duk wata uku, ko kuma a ware kuɗin mota daban ya riƙa bin farashin ranar. Wanda zai janye tsakaninku da gidan ya ba da sanarwar mako biyu, kuma a biya duk abin da ya rage kafin daren ƙarshe.